Tsadar Magani Ba Hujjar Tare Wa Ɗan Zango Hanyar Bincike Ba Ce

Wani marubuci daga cikin masu kishin Zango ya fitar da maƙala kwanan baya yana jan kunnen matasan Asokore Mampong, a Kumasin Ghana, da suka karanta kimiyyar jiki. Ya ce kada su ruɗu da guraben digirin digirgir da jami'o'in Turai da Amurka ke tallatawa a kan yaƙar ciwon daji da ƙwayoyin garkuwar jiki waɗanda aka yi wa gyara. A ganinsa wannan magani na attajirai ne, kuma ba zai taɓa isowa Aboabo ko Sawaba ba, inda kwata ke toshewa, sauro ke cin karensa babu babbaka, mai ciwon mama kuma ba ta zuwa asibiti sai abin ya ci jiki. Ya ƙara da cewa wanda ya tafi irin wannan karatu ba ya dawowa. Shawararsa ita ce yaran Zango su tsaya ga aikin jinya da harhaɗa magunguna da kiwon lafiyar jama'a, su bar wa masu shi abinsu.

Malam marubucin ya faɗi gaskiya a kan halin da ake ciki. Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya na shekarar 2022 sun nuna mutum sama da 27,000 ne suka kamu da cutar a Ghana a wannan shekara, kusan 18,000 kuma suka rasu. Sankarar mama ce kan gaba, sai ta hanta da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Asibitin gwamnati da ke gashin ciwon daji a duk arewaci da tsakiyar ƙasar ya daɗe yana zama guda ɗaya, wato Komfo Anokye, wanda mutanen Kumasi ke kira Gee, kuma daga Tamale da Wa da Bolga ake ɗauko marasa lafiya zuwa can. Yaro mai ciwon daji a ƙasashe masu arziki yana da damar warkewa fiye da kashi 80 cikin 100, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba ta kai kashi 30 ba. Duk wanda ya taɓa jinya a Gee ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

Inda aka rabu da Malam shi ne hukuncin da ya ɗora a kan waɗannan alƙaluma. Ya auna darajar bincike da farashin magani na yau, alhali farashin nan yana faɗuwa, kuma masu digirin digirgir na ƙasashe marasa ƙarfi suna cikin waɗanda suka karya shi.

Da farko dai ya kamata mai karatu ya san abin da ake taƙaddama a kai. A jinin kowane mutum akwai fararen ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin T, aikinsu kashe duk ƙwayar da ta lalace ko cuta ta shige ta. Ciwon daji yana da dabarar ɓoye musu, tunda daga jikin mutum ya tsiro. Abin da masu bincike suka gano shi ne a ɗebi waɗannan ƙwayoyi daga jinin mara lafiya, a saka musu wani sabon umarni na gado ta hanyar bairos da aka kashe wa dafi, a yawaita su a ɗakin gwaji, sannan a mayar masa da su ta jijiya. Kamar dai a ba 'yan sintirin unguwa hoton ɓarawon da kullum yake wuce su suna gaishe shi. Sunan wannan magani CAR-T. Zelig Eshhar na Cibiyar Weizmann a Isra'ila yana cikin waɗanda suka fara aza harsashinsa, da aikinsa na 1989, aka shafe fiye da shekara 20 ana faɗi-tashi, kafin a 2012 ƙungiyar Carl June ta Jami'ar Pennsylvania ta gwada shi a kan Emily Whitehead, yarinya 'yar shekara 6 mai sankarar jini da duk magani ya gaza a kanta. Ta kusa mutuwa saboda zazzaɓi mai tsanani da ƙwayoyin suka tayar, aka ceto ta da wani maganin ciwon gaɓoɓi, kuma ta girma har ta shiga jami'a. A Agustan 2017 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da Kymriah na kamfanin Novartis, aka sa masa kuɗi dala 475,000.

Wannan adadi shi ne ginshiƙin maƙalar Malam, kuma a nan ya tsaya. Da ya ƙara gaba kaɗan da ya iske Indiya. A can wani malamin jami'a, Rahul Purwar, ya baro Amurka ya koma Cibiyar Fasaha ta Bombay, ya haɗa kai da likitocin asibitin Tata Memorial na Mumbai, suka ce za su ƙera nasu. Cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin a ɗakin gwaji akwai wata ɗaliba, Alka Dwivedi, wadda wannan shi ne binciken digirinta na digirgir. Da aikin ya cije, ita da abokan aikinta suka je Cibiyar Ciwon Daji ta Amurka suka koyi yadda ake sarrafa ƙwayoyin, suka koma gida. A Oktoban 2023 gwamnatin Indiya ta amince da maganinsu, NexCAR19, kuma kuɗinsa wajen kashi ɗaya cikin goma ne na farashin Amurka. A Sifaniya, asibitin Clínic na Basilona ya ƙera nasa, ARI-0001, da gudunmawar jama'a wadda wata budurwa mara lafiya, Ari Benedé, ta assasa kafin rasuwarta. An amince da shi a 2021 a kan kuɗi ƙasa da yuro 100,000. A Barazil kuma cibiyar Fiocruz ta gwamnati ta ƙulla yarjejeniya a 2024 da wata ƙungiyar sa-kai, Caring Cross, domin a riƙa yin maganin a cikin ƙasar. Har yanzu da tsada, ba mai musu. Dala 40,000 ko 50,000 ta fi ƙarfin kowane gida a Asawase. Amma saukowa daga kusan rabin miliyan zuwa nan cikin shekara 6 kacal ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk inda aka sauko, 'yan ƙasa masu horo ne suka yi aikin.

Irin maganar Malam an taɓa jin ta. A shekarar 2000 maganin rage kaifin ƙanjamau yana cin fiye da dala 10,000 ga mutum ɗaya a shekara, manyan masana suka ce Afirka ta haƙura da magani ta riƙe rigakafi. A 2001 shugaban hukumar agajin Amurka na lokacin, Andrew Natsios, har cewa ya yi 'yan Afirka ba su san agogo ba, ba za su iya shan magani a kan lokaci ba. A wannan shekarar ce kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da shi dala 350. Yau miliyoyin mutane a nahiyar suna raye da shi.

Akwai kuma abin da ya fi farashi nauyi, wanda maƙalar ba ta taɓo ba. Malam yana magana kamar wannan ilimi baƙo ne da bai haɗa komai da Afirka ta Yamma ba, alhali jinin yankin yana cikinsa tun kafin a haifi yawancin masu yin sa. A 1958 likita Denis Burkitt ya bayyana wata sankarar kaluluwa da ke kumbura muƙamuƙin yara a Yuganda, aka gano tana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, har da Ghana da Najeriya. A 1963, a Ibadan, aka ɗebi ƙwayoyi daga wani yaro ɗan shekara 11 mai wannan ciwo, aka raya su a kwalba, suka ci gaba da haihuwa har yau. Sunansu ƙwayoyin Raji. Ɗalibin da ke gwada sabon CAR-T a Filadelfiya ko Mumbai ko Shanghai, sau da yawa a kan waɗannan ƙwayoyi yake fara auna ko nasa suna kisa, saboda suna ɗauke da alamar CD19 wadda maganin ke farauta. A asibitin Korle Bu na Accra ma an yi shekaru ana gudanar da babban shirin bincike a kan wannan sankara, kuma Farfesa Francis Nkrumah, ɗan shugaban ƙasa na farko, yana cikin jagororinsa. Shekara 60 ke nan yankin yana ba da samfur, wasu suna rubuta sakamako da sunansu suna mallakar haƙƙin ƙira. Shawarar Malam, ko bai nufa ba, za ta dawwamar da wannan rabo.

Ga kuma tambayoyin da ba za a amsa su da kyau ba sai a wuri irin Kumasi. Wannan magani da ƙwayoyin mara lafiya ake yin sa, saboda haka ingancinsa ya rataya ga lafiyarsu. An san cewa yawan kamuwa da maleriya yana gajiyar da ƙwayoyin T, yana sauya halin garkuwar jiki. To yaron da ya tashi a bakin rafin Aboabo, sauro na cizonsa tun yana goye, ƙwayoyinsa za su karɓi gyara su yawaita kamar na yaron Jamus? Wajen mutum ɗaya cikin goma a Ghana yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B, kuma magani irin wannan, da ke share ƙwayoyin garkuwa da ake kira B, yana iya tayar da wannan cuta daga barci, shi ya sa gwaje-gwaje da dama suka ƙi ɗaukar masu ita. Mafi yawan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wata alama a jan jini da ake kira Duffy, wanda hakan kariya ce daga wani nau'in maleriya, amma yana sa adadin wasu fararen ƙwayoyinsu ya yi ƙasa da ma'aunin da aka tsara a kan Turawa. Mutum lafiyarsa ƙalau, sai takardar gwaji ta ce bai cancanta ba, ko a rage masa magani. Sankarar ɓargo da ake kira mayeloma, wadda tana cikin cututtukan da CAR-T ya fi tasiri a kansu, ta ninka a baƙar fata. Wani bincike da aka wallafa a 2007 ya iske alamar da ke gabatarta a jinin mazan Accra kusan ninki biyu na fararen fatar Minnesota. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan ta isa kundin digirin digirgir, kuma ba wadda take buƙatar masana'anta ta biliyoyin sidi. Jini take buƙata, da firiza mai riƙe sanyi, da na'urar tantance ƙwayoyi, da mutumin da ya san abin da yake yi.

Kayan ma ba daga sifili za a fara ba. Daga Aboabo trotro ɗaya ko biyu ke kai mutum Tek, wato Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, inda cibiyar bincike ta KCCR take tun 1997 da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya da Cibiyar Bernhard Nocht ta Hambug. Da korona ta shigo a 2020, wannan cibiya ce ta ɗauki gwajin samfuran da ke zuwa daga tsakiya da arewacin ƙasar, kuma waɗanda suka kwana a kan na'urorin masu digiri na biyu da na uku ne da suka yi shekaru suna binciken da wani zai iya kira na marmari. Mutanen Asokore Mampong sun ga amfanin irin waɗannan mutane a ƙofar gidansu. A ƙarshen 2017, da ɗalibai suka rasu a Kumasi Academy, gari ya cika da jita-jita, iyaye suka yi ta kwashe 'ya'yansu, har sai da ɗakin gwaji na Cibiyar Noguchi ya tabbatar murar H1N1 ce, sannan aka san maganin da za a nema. A Agogo, cikin jihar Ashanti, aka yi wani ɓangare na babban gwajin rigakafin maleriya na RTS,S. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana ita ce ta fara amincewa da rigakafin R21 a duniya a Afrilun 2023. Kumasi tana da rajistar masu ciwon daji tun 2012, ita ce ta farko irinta a ƙasar. Garin da ya iya waɗannan bai kamata a ce masa nazarin ƙwayoyin garkuwa ya fi ƙarfinsa ba.

Sannan hannun da ya ƙware a wannan aiki ba ciwon daji kaɗai yake wa amfani ba. A Kumasi marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya fara gwajin sikila ga jarirai a 1995, kuma kusan jarirai 2 cikin 100 a Ghana da ita ake haihuwarsu. Babu layin da za a bi a Zango ba a sami gidan da ke kwana da kukan mai ciwon ƙashi ba. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da ke gyara ƙwayoyin ɓargon mai sikila, wanda aka sa wa kuɗi dala miliyan 2.2 a Amurka. Matakan aikin dangin juna ne da na CAR-T: a ɗebi ƙwayoyi, a gyara, a tabbatar da tsabtarsu, a mayar. Yarinyar da ta koyi ɗaya ta yi rabin tafiya zuwa ɗayan. Idan har za a taɓa karya farashin maganin sikila yadda Indiya ta karya na sankarar jini, sai an sami 'yan ƙasa da suka iya aikin, kuma horar da mutum ɗaya yana cin shekara 4 zuwa 5 bayan digiri na biyu.

Wannan martani ba ya ɓoye iyakar maganin. Nasararsa kusan duk a kan sankarar jini da ta kaluluwa da ta ɓargo take. A kan ƙari mai tauri irin na mama da hanta, waɗanda su ne suka fi kashe mutanen Ghana, har yanzu ana lalube. Sai a 2024 Amurka ta amince da magunguna biyu na ƙwayoyin T domin ƙari mai tauri, ɗaya na wata sankarar fata, ɗaya na wata sankarar tsoka da ba ta cika yawa ba. Yana kuma da haɗari: zazzaɓi mai kai wa ga ɗakin kulawa ta musamman, ruɗewar ƙwaƙwalwa, har hukumar Amurka ta sa a rubuta gargaɗi cewa ƙwayoyin da aka gyara kansu suna iya rikiɗa su zama sankara, ko da yake abu ne da ba kasafai yake faruwa ba. Sai dai inda ake lalube nan ne gurbin mai bincike. Likitocin Komfo Anokye, cikinsu da Dakta Baffour Awuah da Dakta Evelyn Jiagge, tare da ƙungiyar Lisa Newman da ta fara aikin daga Jami'ar Michigan, sun nuna cewa nau'in sankarar mama mafi taurin kai, wanda ba ya jin magungunan da aka saba, ya fi yawa ƙwarai a matan Ghana fiye da fararen fatar Amurka. Matan da suka fi buƙatar sabuwar hanya suna nan Kumasi, ciwonsu ma a nan ake iya nazarinsa.

Batun tafiya ba dawowa shi ne mafi ƙarfi a hujjojin Malam, kuma ba za a raina shi ba. Da yawa sun tafi sun zauna. Amma aikin jinyar da yake tura yara gare shi ya fi kowane fanni zubar da mutane a shekarun nan, domin asibitocin Ingila suna ɗiban ma'aikatan jinyar Ghana da ɗaruruwa. Masu bincike kuwa akwai waɗanda suka dawo suka gina abin da ake gani. Gordon Awandare ya yi digirin digirgir a Jami'ar Pittsburgh, ya dawo jami'ar Legon ya kafa cibiyar WACCBIP, wadda yanzu take yaye masu digirin digirgir daga ƙasashen Afirka da dama a cikin Ghana. Yaw Bediako, masanin garkuwar jiki da ya yi nasa a Jami'ar Northwestern, ya dawo ya kafa kamfanin Yemaachi a Accra a 2020 domin binciken ciwon daji a jikin 'yan Afirka. Abin da ke dawo da mutum shi ne ya tarar da ɗakin gwaji da albashi da kuɗin bincike. Majalisa ta zartar da dokar Asusun Bincike na Ƙasa tun 2020. A nan ya kamata alƙalamin Malam ya yi zafi, yana tambayar nawa aka zuba a ciki, wa aka ba.

Abin da ya fi sosa rai a maƙalar shi ne wanda aka yi wa nasihar. 'Ya'yan manyan makarantun Accra da Cape Coast ba za su fasa neman waɗannan gurabe ba don wani ya rubuta. Wanda zai fasa shi ne yaron Sakafia ko yarinyar Parkoso da mahaifinta ya ji an ce karatun ɓata lokaci ne. Zango ta riga ta biya farashin irin wannan taka-tsantsan sau ɗaya, lokacin da iyaye suka ƙi boko saboda tsoron makarantun mishan, aka wayi gari ofisoshi da asibitoci babu 'ya'yanta. Alhali neman ilimi a nesa gadonta ne; Alhaji Umaru na Karachin Ghana haifaffen Kano ne, ya yi karatu a Sakkwato, ya zauna Salaga, ya rasu a 1934 ya bar almajirai a faɗin ƙasar. Kuma ranar da za a fara gwajin irin wannan magani a Gee, za a buƙaci wanda zai zauna da uwa ya yi mata bayani da Hausa me za a yi da jinin ɗanta, ina za a kai shi, wa zai mallaki abin da aka samo. Za a buƙaci wanda zai zauna da limamai da sarakunan Zango su tattauna hukuncin taɓa ƙwayoyin gado, su bambance gyaran da ya tsaya a jikin mara lafiya da wanda zai bi zuriya. Baƙo da tafinta ba za su iya wannan ba.

Kuɗin karatun ma ba daga aljihun iyaye yake fita ba, abin da maƙalar ta bari a duhu. A Jamus da Holan da ƙasashen Sikandinebiya yawancin guraben digirin digirgir a wannan fanni aiki ne mai albashi, haka ma na shirin Marie Curie na Tarayyar Turai, ga tallafin DAAD da na Commonwealth. Nasihar da ta dace da matashin Asokore Mampong ita ce ya iya zaɓe. Ya fifita shirin da zai raba masa lokaci tsakanin Kumasi da waje, da malami a kowane ɓangare. Ya tambaya tun kafin ya sa hannu ko samfuran da za a ɗiba a Ghana za su bar kwafi da bayanai a Ghana, kuma sunan wa zai fito a kan sakamakon. Ya dage ya koyi aikin hannu na raya ƙwayoyi da tabbatar da ingancinsu, domin shi ne abin da Dwivedi ta ɗauko ta kai Mumbai. Abin da ke kayar da yaran Zango tun a matakin farko ƙananan kuɗi ne: jarrabawar Turanci, fasfo, takardun shaida, da watannin zaman koyon aiki a ɗakin gwaji ba albashi kafin wani farfesa ya yarda ya rubuta musu takardar yabo. Asusun Raya Zango da aka kafa da doka a 2017, da majalisar ƙaramar hukumar Asokore Mampong da aka yanko daga Kumasi a 2012, da attajiran Aboabo da Asawase, suna iya ɗaukar wannan nauyi ga ɗalibai 5 ko 10 a shekara ba tare da an taɓa kasafin kwata ko na gidan sauro ba.